Giɓin Lyle

Shekara talatin da takwas na yi ina riƙe wa Lyle Brubaker sanda, kuma in aka tambaye ni sana'ata, ita nake fara faɗa kafin aikin gidan waya da ya ciyar da ni. Sandar ƙarfe ce, in aka miƙe ta ta kai tsawon mutum biyu, a kanta makirufo biyu suna fuskantar dandamali. Lyle yana zaune a ƙasa da rikoda a cinya, ni ina tsaye ina kare sandar daga mashaya da masu rawa ido rufe. Haka muka bi makaɗan da ake kira Tamarack Ferry jiha jiha a Amurka har wasa ɗari shida da goma sha ɗaya. Na ɗari shida da sha biyu shi ne zan ba da labarinsa, kuma har gobe in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Lyle bakanike ne, motocin ɗaukar 'yan makaranta yake gyarawa a garinmu Meadville tun yana saurayi har ya yi ritaya. Gajere ne mai sanƙo, da wasu kunnuwa manya kamar an aro masa su. Amma fa kunnuwan ba na ado ba ne. Bas tana shigowa gareji, tun kafin direba ya kashe ta zai ce, "Wannan bel ɗinta ne, kwana uku ya rage masa." Ba ya rawa, ba ya shan komai sai baƙin kofi, magana kuma sai ka ce saya yake yi. Mutum ne da za ka yi tafiyar awa tara da shi a mota, abin da zai ce maka bai wuce "ka rage gudu" ba.

Abu ɗaya ne ya haɗa mu da makaɗan nan, mu dubban da muke kiran kanmu fasinjoji: ba sa maimaita wasa. Waƙar da suka yi jiya a minti shida, yau sai ta kai ashirin, ta ɓace musu, su bi ta lalube har su kamo ta. Harlan Teague mai jita shi ne jagora. In abin ya motsa masa sai ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci mai ganga, su shiga daji tare. Wani lokaci su fito da zinariya, wani lokaci su fito da shirme, kuma duka biyun muna so, don mun san a gabanmu aka haife su, a gabanmu za su mutu. Harlan da bakinsa ya ce, "In mun kaɗa ya zama naku, ku kwashe." Shi ya sa aka ware wa masu ɗaukar kiɗa a kaset wuri a bayan teburin mai kula da sauti, bisa sharaɗi guda: kaset ba na sayarwa ba ne. Kyauta ake ba da shi ko a yi musaya. Kuma dole ka rubuta asalinsa a jikin kwali. Wanda aka ɗauka a wurin wasa a rubuta "asali", wanda aka kwafa daga gare shi "kwafi na ɗaya", na bayansa "kwafi na biyu". Mutumin da ya yi ƙarya a kan kwali ya gama yawo a cikinmu, ko gaisuwa ba zai ƙara samu ba. Lyle ya riƙe dokar nan fiye da yadda wasu suke riƙe addini.

A watan Yuli na 1988 aka yi wasa a filin baje kolin amfanin gona na wani ƙauye a Ohio. Ruwa ya tsuge tun la'asar, ya lalata rikodar kowa, har wadda makaɗan suke ɗaukar wasansu da ita. Lyle kaɗai ya tsira, don ya naɗe tasa cikin tsohon tiyub na tayar bas. A ranar ne suka kaɗa waƙar da ake kira Ambaliya har minti talatin da ɗaya, kuma duk wanda ya san abin da yake yi zai gaya maka Harlan bai taɓa kai wannan matsayi ba, kafin nan ko bayan nan. Sai dai kaset fuska biyu gare shi, kowace fuska minti arba'in da biyar. Mai ɗauka yakan juya shi tsakanin waƙa da waƙa, amma ranar babu tsakani. Kaset ya ƙare a tsakiyar kiɗa. Lyle ya saba juyawa cikin sakan biyu, na sha auna shi. Ranar sai da ya yi sakan tara.

Ni na san dalili, don ina tsaye a kansu. Budurwarsa Marnie tana zaune kusa da shi cikin rigar ruwa. Sau uku yana neman aurenta tana ce masa ba za ta auri mutumin da ya fi son rikoda da ita ba. A wurin masu ɗauka ba a magana, ko tari ya zo maka haɗiye shi kake yi. Marnie kuwa ta jira har ta ji ƙarar ƙarewar kaset, sannan ta ɗaga abin sauraron da ke kunnensa ta raɗa masa wani abu. Na ga hannunsa ya tsaya cak a kan rikoda, baki buɗe. Sai da na zungure shi da ƙafa ya farga. Aka ɗaura aure cikin kaka.

Kaset ɗin ya zaga duniya, har Japan an aiko ana nema. Kowa ya saurara sai ya ji Harlan yana hawa yana hawa, a minti na goma sha tara sai kiɗan ya yi tsalle ya faɗo wani wuri daban. Aka sa wa wurin suna Giɓin Lyle. Shekara talatin da biyar ana tsokanarsa da shi. Wata mata mai suna Wanda, mai gasa burodi da cuku a wajen ajiye motoci, ba ta taɓa miƙa masa nasa ba tare da ta ce, "Kai, na juya nawa a kan lokaci, ba irin wasu ba." Shi dai sai ya yi murmushi ya karɓa. Bai taɓa gaya wa kowa dalilin giɓin ba, ni ma ban faɗa ba. Marnie ta rasu a 2016, ciwon daji. Bayan jana'iza da mako biyu ya kira ni ya ce akwai wasa a Vermont, in ɗauko sanda. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna ba shi da wani wurin zuwa.

Shekara biyu kafin wasan ƙarshe, Benny Sokol ya zo Meadville. Benny shi ne mai kula da sautin makaɗan tun muna da gashi. Ya zauna a kicin ɗin Lyle, ya sha kofi, ya yaba wa ɗakin kaset.

"Lyle, tsufa ya kama mu," in ji shi. "Harlan yana so a tara komai wuri ɗaya saboda 'yan baya. Naka sun fi na kowa. Musamman na Ohio."

"Ba na sayarwa."

"Haba, wa ya yi maganar saye? Ni ne fa, Benny."

Lyle ya ɗauko kwalaye da kansa, ya jera kaset ɗin asali guda guda, ya kai su mota da kansa. Ranar har magana ya yi ta yi, abin da ban taɓa gani ba. "Gus," ya ce da ni, "ka ji Harlan ya san sunana?" Ni ma na yi murna, sakarai da ni. Har na riƙe wa Benny ƙofa.

Da aka sanar da zagayen ban kwana, mun samu tikitin ranar ƙarshe, a wani fili mai gangare a arewacin jihar New York. Mun isa da hantsi. Wajen ajiye motoci ya cika da mu, tsofaffi masu furfura cikin riguna masu rini kala kala, wasu da sandar dogarawa, wasu da jikoki. Ƙamshin albasa da hayaƙi ko'ina. Wanda tana nan da murhunta, sai dai yanzu a zaune take gashi.

"Lyle Brubaker! Ashe ba ka mutu ba? Yau fa na ƙarshe ne, ka taimake mu ka juya da wuri."

"Ba ni biyu, kar ki ƙona."

"Ni nake ƙonawa? Gus, ka ji ɗan rainin wayo. An ce hannun Tsoho ya warke fa. Waɗanda suka je Chicago sun ce kamar ɗan shekara talatin."

Tsoho shi ne Harlan, shekararsa saba'in da takwas. Mun daɗe muna jin raɗe-raɗin cewa amosanin gaɓɓai ya kama yatsunsa, kuma wasannin da muka gani na baya sun nuna haka: gajeru, a hankali, yana yawan barin mai piyano ya ja. Lyle bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake yi, tsohon inji ma yana da irin nasa kukan.

Muka kafa sanda. Masu ɗauka yanzu duk ƙananan na'urori suke riƙewa kamar akwatin ashana. Lyle ma yana da irinsu, amma bai yarda ya rabu da tsohuwar rikodarsa mai kaset ba, biyun yake kunnawa. Rabin farko ya wuce lami lafiya, waƙoƙi gajeru, Harlan yana fuskantarmu, yana kuskure nan da can, muna tafi. Aka yi hutu. Rana ta yi ƙasa ta jawo inuwa kan gangaren. Da suka dawo, mai ganga ya buga sau huɗu, sai ga Ambaliya.

Shekara ashirin ba su taɓa ta ba. Mutum dubu ashirin suka miƙe da ihu guda. Wani ƙato kusa da ni ya fashe da kuka, ni kaina idona ya cika. Harlan ya rera baiti biyu da muryarsa da ta dushe, sannan ya juya mana baya kamar yadda ya saba, ya fuskanci mai ganga. Jita ta tashi. Wallahi ta tashi, tsaf, da ƙarfi, ba rawar hannu ko kaɗan. Na duƙa in dafa kafaɗar Lyle in ce ka ji Tsoho, sai na ga fuskarsa.

Ba murna a cikinta. Ya danne abin sauraro da hannu biyu, ya karkata kai kamar yadda yake yi in bas ta shigo da wani kuka da bai gamsu da shi ba. A minti na huɗu Harlan ya zame, ya taɓa wata tsirkiya da ba ita ya nufa ba, sai ya maimaita kuskuren sau uku ya mai da shi ado. Jama'a suka yi ihu. Lyle ya ɗago ya dube ni. Leɓensa ya fara motsi. Na sunkuya, na ji yana rera kiɗan a hankali, amma yana gaba da jitar. Duk inda ya sa murya, sai jita ta biyo shi ta taka daidai wurin.

Na ce a raina ƙila Harlan ya saurari tsohon kaset ne ya haddace. Abin kunya ne a wurinmu, amma ana iya yafewa tsoho. Na riƙe wannan tunani da hannu biyu har minti na goma sha takwas. Nan Lyle ya dubi agogonsa, ya ɗaga hannu sama, ya buɗe yatsu biyar. Ya naɗe ɗaya. Jita tana hawa. Ya naɗe na biyu, na uku, tana ta hawa, mutane suna tsalle, wata mata ta ɗaga hoton mijinta sama. Ya naɗe na ƙarshe.

Kiɗan ya yi tsalle ya faɗo wani wuri daban. Mai ganga da mai piyano suka faɗo tare da shi, daidai, ba ko tuntuɓe, alamar sun sha gwaji. Mutum mai rai ba ya yin wannan tsallen, ba hanyar da yatsa zai bi daga can zuwa nan. Kaset ne kaɗai yake yin sa, kaset ɗaya a duk duniya. Filin kuwa ya kaure da sowa, suna cewa Tsoho ya dawo.

Lyle ya miƙa hannu ya kashe rikoda, duka biyun. Wasa ɗari shida da goma sha ɗaya, cikin ruwa, cikin ƙanƙara, har ranar da 'yan sanda suka watsa taro, ban taɓa ganin ya kashe kafin makaɗa su sauka ba. "Sauke sandar, Gus," ya ce. A wurin da ba a magana, da ƙarfi ya faɗa.

Teburin Benny taku goma ne daga inda muke. Muka tsaya a bakin shinge har aka gama, aka yi ta rungume-rungume. Benny ya juyo ya gan mu, nan take ya sha jinin jikinsa.

"Lyle! Ka ji daɗi?"

"Minti na sha tara."

Benny ya cire hula ya share gumi. Ya dubi hagu da dama. "Rage murya, don Allah. Mun yi ƙoƙarin ɗinke wurin. Yaran da suka tsamo jitar daga kaset ɗin sun ce za su iya cike shi da kwamfuta, Harlan ya ce a bar shi."

"Tun yaushe?"

"Zagayen nan kawai. Waƙa ɗaya kowace rana, ba kullum Ambaliya ba. Lyle, hannun mutumin nan ya mutu. Minti biyar yake iyawa, daga nan yatsu su ƙage. Me kake so mu yi? Dubi mutanen nan. Dubi fuskokinsu! Ai shi ne ya kaɗa, ba wani ba. Nasa ne."

"Namu ne. Shi ya ce in ya kaɗa ya zama namu."

"To ai ku muka mayar wa."

Nan ne na kasa haƙuri. Na ce masa, "Kai Benny, munafuki, a kicin ɗinsa ka sha kofi! 'Yan baya, ko? Ni na riƙe maka ƙofa, ɓarawon banza!" Da sandar ba ta naɗe ba, ban san abin da zan yi da ita ba. Lyle ya riƙe mini hannu.

"Da ya fito ya kaɗa minti biyar ɗin nan," ya ce wa Benny, "da yatsun sun ƙage ya tsaya yana kallonmu, da na ɗauka. Da ya fi kowane kaset da nake da shi."

Benny ya ce, "Ba wanda ya gane sai kai. Za ka faɗa?"

Lyle ya saɓa jakarsa muka bi cikin jama'a. A wajen motoci Wanda ta hango mu, fuskarta jiƙe da hawaye. "Lyle! Ka ji? Ka ji abin da Tsoho ya yi? Ka ce mini ka ɗauka duka! Ni ce ta farko a layi, ka ji ko?" Ya tsaya ya dube ta, matar da ta yi shekara arba'in tana gasa burodi don ta samu kuɗin tikiti. Ya ce, "Na'urar ta ba ni matsala, Wanda." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce hali dai ba ya canzawa. Ƙaryar farko ke nan da na taɓa ji daga bakinsa, kuma su suka sa shi yin ta. Wannan ma ban yafe musu ba.

Washegari muka kamo hanyar gida. Ni nake tuƙi ina ta zage-zage, daga Benny zuwa Harlan zuwa mai ganga. Na ce mu rubuta a shafin fasinjoji na intanet, mu ɗora kaset biyun gefe da gefe kowa ya ji, ai ramin ƙarya ƙurarre ne. Lyle ya ce, "Ka rage gudu." Da muka tsaya shan mai, ya ciro kaset ɗin jiya da biro. Yadda ya saba yi sau ɗari shida da goma sha ɗaya, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta sunan wuri. Da ya zo layin da ake rubuta "asali", ya daɗe biro na tsaye a sama. Sannan ya rubuta "kwafi na biyu", ya jefa shi cikin aljihun mota.

Mun kusa Meadville ya sake magana, idonsa a kan titi.

"Ka san abin da na yi ta tunani jiya? Shekara talatin da takwas ina cewa abin nan sau ɗaya yake faruwa, ina kuma zaune ina cusa shi cikin kwali. Ni na ba su wuƙar."

"Kai ba ka ci amanar kowa ba. Su suka ci taka."

"Marnie ta san abin da take yi, Gus. Sai da ta ji kaset ya tsaya ta yi magana." Ya goge gilashinsa da gefen riga. "Duk daren nan na Ohio, sun kwashe, sun kunna wa mutum dubu ashirin. Sakan tara ne kawai ba su samu ba. Shi ma don ban ɗauka ba ne."

Ban tambaye shi abin da ta raɗa masa ba, bai kuma faɗa ba. Bayan wata guda Benny ya aiko da kwalayen kaset duka, da wata takarda mai sa hannun Harlan. Lyle bai buɗe takardar ba, kwalayen ma suna nan a gareji yadda aka kawo su, da gam ɗinsu. Bai tona asiri ba, ni ma ya hana ni, shi ya sa har yau in fasinjoji sun haɗu suna ba juna labarin ranar da Tsoho ya dawo, nakan tashi in ba su wuri. Duk ranar Lahadi ina zuwa gidansa mu sha kofi a baranda. Gidan da kiɗa bai taɓa yankewa a cikinsa ba, yanzu sai ƙarar firiji. In bas ta wuce a titi yakan karkata kai ya saurara har ta ɓace. Sandar tana wurina, ya ce in riƙe.